Zanen da Baba Gambo Ya Hana a Yanka

Tun da na dawo daga Tafkin Chadi ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Tela, yaya Chadin? Da gaske ba a hango gaɓarsa? Yaya matan can?" Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in taka keke, in ce lafiya lau. Har an fara cewa girman kai na kwaso a can. Ba girman kai ba ne. Labarin ne ba ya faɗuwa tsakanin ɗinkin aljihu da na wuya. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura.

Kun san dai a daminar shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama muka tafi, kun kuma san irin daminar da aka yi. Gero ya tsaya a gwiwa, kogi ya zo kamar mai jin kunya. Ana cikin haka wani falke mai sayen banda ya sauka Haɗeja, ya nemi gidan Baba Gambo masunci, ya ce ya baro ɗansa Bukar kwance a wata tungar masunta cikin tsibiran Chadi. Shawara ta kama shi, idanunsa sun yi ɗorawa, babu mai kawo shi gida.

Baba Gambo ya ce zai je da kwalekwalensa. Mota ba ta zuwa tsibiri, abin biyanta ma babu. Aka rasa wanda zai raka shi, kowa yana fama da bakin gidansa. Sai ni na ce zan je.

Gaskiya ba don Bukar kaɗai na ce ba, ko da yake tare muka yi wasan ƙasa. Akwai ƙanwarsa Yagana. Ban taɓa gaya mata komai ba, amma a cikin raina mun yi hira ta fi dubu. Ni mutum ne mai karanta ƙananan littattafan nan da ake shimfiɗawa a bakin kasuwa, waɗanda saurayi ke ƙetare koguna da dazuzzuka, ya dawo budurwa ta tarye shi da hawayen murna. Na riga na hango kaina tsaye a goshin jirgi, Bukar a bayana yana murmushi, ita kuwa a gaɓa.

Baba Gambo ya kama hannuwana ya juya su kamar mai duba kifi a kasuwa. "Waɗannan? Gorar tuƙi za ta saɓule su kafin mu kai Guri. Ni kuma kafaɗata ta tsufa. Wa zai tuƙa wa?"

Malam Bulus ne ya kawo dabara. Mutumin wajen Jos ne, ma'aikacin gwamnati a sashen kifi, ni nake yi masa ɗinki. Ya taɓa zama a Baga, ya ga yadda ake kafa icce a tsakiyar jirgi a rataya zane iska ta tura. Ya ce iskar damina gabas take bi, mu ma gabas za mu. Muka haɗu a bakin kogi da igiya, ya sa aka kafa dogon icce, ya ce zane biyu ake so, babba a baya, ƙarami a goshi. Na baya na haɗa shi da buhunan sukari. Na goshi ya ce buhu ba zai yi ba, sai yadi marar nauyi mai matsattsiyar saƙa.

Ya ja igiya daga kan iccen zuwa hancin jirgin, na auna da hannuna, kamu bakwai. Daga hanci zuwa gindin icce, kamu huɗu. Ya zana hoton abin a yashi, kusurwa uku, tsini a sama.

"Tela, ka ji ni da kyau," in ji shi. "Wannan ba babbar riga ba ce da za ka ƙara wa mutum yadi don girmamawa. Kusurwar baya kada ta wuce iccen da fiye da taƙi ɗaya. In ya yi yawa, zai danne goshin jirgi cikin ruwa, ya riƙa jan ku gefe. Gara ya yi kaɗan."

Yadi kuwa babu. Sai Baba Gambo ya aika gida. Yagana ce ta zo da ƙunshi a ka, ta sauke a hankali kamar mai sauke jariri. Farin alawayyo ne, dogo, yana ƙanshin turare da adaka. Ba sai an faɗa ba, kowa a wurin ya san ko mene ne. Likkafanin Baba Gambo ne. Wani amininsa da ya je Makka ta ƙasa ya wanko masa shi da ruwan zamzam, shekara da shekaru yana ajiye. Yagana ce take fito da shi duk kaka ta shanya don kada gara ta taɓa.

Malam Bulus ya cire hularsa. Ya ce, "Baba, kamu bakwai kawai ake so daga ciki. A yanke shi, a yi masa yanka ɗaya a karkace, a juya guntun a haɗa, shi ke nan."

"In an cire bakwai, sauran zai rufe ni? Dube ni fa." Baba Gambo dogo ne, ƙato, ko a tsufansa sai ya sunkuya yake shiga zaure. "Aro na bayar. Allura ta shiga, na yarda. Almakashi kuwa ba zai taɓa shi ba sai ranar da aka saya shi dominta."

Malam Bulus ya yi magiya har ya gaji. Ni kuwa na ga abin ya yi kama da na littafi, na ce zan iya. Na ninka yadin falle uku na ɗinke gefe da gefe, na karya kusurwa ɗaya na mayar ciki na kama da zare. Yagana ta riƙe mini bakin yadin ina ɗinki. Ta ce, "Tela, ka yi ɗinkin da zai warware ba tare da ya bar tabo ba." Iyakar maganar da ta yi mini ke nan, na riƙa juya ta a raina har Gashuwa. Da aka ɗaga zanen, gindinsa ya kai kamu shida, ya wuce iccen sosai, ga ninki a ciki kamar aljihu. Malam Bulus ya dube shi ya girgiza kai. Ya ba mu ƙwayoyin magani a takarda, ya ce a fara ba Bukar da zarar mun isa. Ya ce kuma in mun ga hadari mu sauke na goshi kafin mu yi bisimilla.

Daga Haɗeja zuwa Guri dariya muka sha. Masu su da ke yawo a ruwa a kan manyan goruna suna hango mu sai ihu. "Baba Gambo, wankin wa za ka kai Barno?" Wani ya ce, "Shanya ce ke tafiya da kanta, jama'a ku zo ku gani!" Jirgin yana tafiya kam, ba gora ba filafili, amma kamar jaki mai ciwon ƙafa, kullum hagu yake so. Duk sanda kogi ya karya kwana sai kusurwar zanen ta maƙale a icce, sai na rarrafa na zagaya da ita da hannu. In an yi yayyafi ruwa ya taru a ninkin, ya yi nauyi kamar an rataya tunkiya. Ga shi ruwan kogin ba yawa, wurare da dama sai mun sauka mun ja jirgin a kan yashi. Hannuwana suka yi abin da Baba ya ce za su yi.

A Gashuwa muka sauka a zauren sarkin ruwa. Mutanen kirki ne. Aka kawo mana burabusko da miyar kifi, mai yaji har kunne na ƙaiƙayi. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, ana ta wushe, wushe, ana tafa hannu a hankali, har miya ta huce. Mai masaukinmu ya je ya dubo jirgin ya dawo yana zare wuƙa.

"Ɗan'uwa, wannan riga ta yi wa jirginka yawa. Kawo in rage maka, ba ko sisi."

Baba ya ce, "Mayar da wuƙarka. Mun gode da tuwo."

Daga nan zuwa Gaidam ƙasa ta fara ba ni tsoro. Ƙauyuka da yawa mun tarar rabin gidajen a rufe da ƙaya. Shanu sun zo shan ruwa sun kwanta a laka ba su tashi ba, ungulu ma sun ƙoshi. A wani gari wata tsohuwa ta biyo mu gaɓa tana miƙo ƙwarya. Baba ya zuba mata daga geronmu. Matan wajen suna kitso mai tudu kamar kwalkwali, suna turara tufafinsu ko da cikinsu babu komai. Masu tambayata yaya matan can, amsar ke nan. Na so in ga kyawunsu kamar yadda littafi ke faɗa, yunwa na gani.

Bayan Gaidam kogin ya zama iyaka, dama Najeriya, hagu Nijar. Mu a Haɗeja kogi na kowa ne, ban taɓa sanin ruwa yana da mai shi ba. Zanen nan mai son hagu kuwa sai da ya kai mu daidai gindin wata bukka mai tuta. Jandarma biyu suka fito, gajeren wando, hula kamar gwangwani. Ɗaya yana jin Hausa irin ta Damagaram. Ya nemi takarda, muka nuna ta haraji, ya juya ta sama da ƙasa ya mayar. Sai ya kama zanen ya bi ɗinkin da yatsa.

"Wannan ba a yanka shi ba. Sabon yadi ne, an ninke. Fasa-ƙwauri ke nan, tsoho. Wayo ne, mun san shi." Ya ce ko dai a yanka a gabansa ya tabbata kayan jirgi ne, ko ya ƙwace.

Zuciyata ta ce to, yau dai hukuma za ta yi mana abin da muka kasa. Har na kai hannu jakar da almakashina yake.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, likkafanina ne. In kana so ɗauka. Sai dai ka sani ba a sa shi sau biyu."

Mutumin ya saki zanen kamar ya taɓa wuta, ya goge hannunsa a wando. Ya yi wa ɗan'uwansa magana da Faransanci, suka ja da baya. Goro uku kawai suka karɓa, su suka tura mana jirgin ma.

Tafkin da kuke tambaya, ban san lokacin da muka shige shi ba. Na zaci zan ga shuɗin ruwa har ƙarshen duniya. Laka muka tarar, da ciyawa ta fi mutum tsawo, da sauro da rana tsaka. Ruwan ya janye, in ji mutanen bakin kogi, inda suke kafa komar kamun kifi bara yanzu wake ake shukawa. Suka nuna mana hanyar tungar da falken ya ambata. Sai da muka fita daga ciyawar sa'an nan fili ya buɗe, iska ta samu zanen yadda take so, jirgin ya fara gudu yana sunkuyar da kai. Na miƙe a goshi. A wannan ɗan lokacin kaɗai tafiyar ta yi kama da yadda na zana ta a raina, har na fara shirya kalmomin da zan gaya wa Yagana.

Da la'asar gabas ta yi baƙi. Baba ya kira ni da sunana na yanka, ya ce, "Ilu, sauke na goshi!" Na kwance igiya, amma iska ta riga ta juya ta shiga aljihun ninkin, ta hura shi kamar salka, kusurwar ta naɗe icce. Na ja, ya ƙi. Goshin jirgin ya nutse, na ji ƙarar icce ya karye, sai ga ni cikin ruwa. Allah ya sa wurin iya ƙirji ne. Da na ɗago na ga gero yana bin ruwa, tukunya ta tafi. Baba kuwa bai bi gero ba, bai bi jirgi ba. Zanen ya rungume. Takardar maganin Malam Bulus da na ciro daga aljihu ta zama farin kunu.

Buduma, mutanen tsibiran tafkin, su ne suka tsince mu. Jiragensu na ciyawa ne, a ɗaure kamar dami, ba sa nutsewa. Shanunsu farare masu ƙaho kamar tulu, suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Ba su san tuwo ba sai madara da kifi, safe da yamma, har na fara mafarkin miyar kuka. Ba ma jin juna sai da hannu, amma sun ba mu bukka, sun tayar mana da jirgi. Abin da babu a tsibirinsu shi ne icce. Sai da aka jira wani ya dawo daga gaɓa da shi. Kwanakin da muka yi a nan ban so in tuna yawansu.

Ranar da aka kafa sabon iccen na sami Baba yana shanya yadin a kan ciyawa, yana cire masa laka da farce. Na durƙusa.

"Baba, don girman Allah. Kamu bakwai. Bukar yana jira."

Ya kankare wata laka daga gefen yadin. Sa'an nan ya ce, "Ubana a ruwa ya mutu, wajen Guri. Sai da ya kwana uku aka gan shi. A tabarmar kaba aka naɗe shi, ƙafafunsa a waje. Ina yaro, ina kallo. Ilu, ban tara komai ba a duniya. Wannan kaɗai na tanada." Ya ci gaba da kankare lakar. "Mayar da ɗinkinka yadda yake."

Na mayar. Muka ƙarasa da zanen buhu kawai, na goshi sai in iska ta kwanta, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya.

Tungar bukkoki ce kamar goma a kan tudun yashi, da warin banda. Hausawa ne da Barebari da wasu mutanen Kwara. Wani Bazazzagi da ke jinyar Bukar ya tarye mu, ya ce, "Kai, Baba, da a makon jiya ne, da kansa yake fitowa shan hantsi." Bai faɗa da nufin komai ba.

Da na shiga bukkar na zaci ba kowa a kan tabarmar. Bukar da ke ɗaga jirgi shi kaɗai ya koma kamar kara. Amma ya gane mu. Ya kama hannun ubansa, sa'an nan ya juyo da idanun nan masu ɗorawa.

"Tela? Kai ma? Wa ka bar wa keken?" Ya yi abin da ya so ya zama dariya. "Yagana ce ta aiko ka, ko kai ka aiko kanka?"

Na ce, "Tashi dai mu tafi gida, sarkin surutu."

"To. Gobe. A ce wa Inna ta dama mini fura mai yawa."

Muka gyara masa shimfiɗa a cikin jirgi, na yi masa rumfa da tabarma. Washegari da hantsi, muna shirin ɗaukarsa, ya cika.

Mutanen tungar suka yi abin da ya kamata, aka yi wanka, aka haƙa kabari a bayan bukkoki inda wasu tudun yashi suke jere. Sai limaminsu ya jawo tabarmar da Bukar ya yi jinya a kai, ya fara kakkaɓewa. Ya ce, "Baba, sai haƙuri. Nan yadi ba ya zuwa. Duk waɗancan da ka gani, a haka muka sa su."

Baba Gambo ya dubi tabarmar. Guntuwa ce, bakinta ya zare. Ya tashi ya gangara bakin ruwa shi kaɗai, muna kallo ya kwance igiyar goshi. Ya dawo da zanen a kafaɗa ya shimfiɗa a gabana.

"Ilu, ɗauko almakashinka."

Na warware ɗinkin, bai bar tabo ba. Na auna Bukar da hannuna kamar yadda na sha auna shi in zai yi rigar salla. Ban taɓa jin ƙarar almakashi irin ta ranar ba. Ciwo ya riga ya cinye shi, bai ci yadi da yawa ba. Aka rufe shi ruf, har ƙafafu, Baba da kansa ya ɗaure. Da aka gama, abin da ya rage na auna, kamu bakwai ne da ɗan taƙi.

Muka zauna har aka yi sadakar uku. Kafin nan damina ta ƙare, iska ta juyo tana bin yamma. Baba ya miƙo mini ragowar ya ce, "Yi yadda Malamin ya ce." Na yi masa yanka ɗaya a karkace, na juya guntun na haɗa. Kusurwa uku, tsini a sama, bai wuce icce ba.

Jirgin ya miƙe sak. Bai ja hagu ba, bai sunkuya ba, ko a kwana zanen da kansa yake juyawa. Muka wuce bukkar jandarma ta tsakiyar ruwa, muka wuce Gaidam. Wajen Gashuwa ne Baba, yana zaune a baya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce, "Malam Bulus ya iya awo."

Da hantsi muka shigo Haɗeja. Mata suna wanki a mashaya, na hango Yagana cikinsu tun daga nesa, ta miƙe ta kare ido da hannu. Rumfar tabarmar tana nan a tsakiyar jirgi, mai kallo daga gaɓa zai iya cewa akwai mutum kwance a ciki. Sauran matan suka fara guɗa. Ita ba rumfar ta kalla ba. Ta dubi zanen goshi da aka yanka, ta dubi ubanta zaune da ransa a baya, ta sake duban zanen. Sai ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta, ta zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi.

Kalmomin da na shirya mata tun daga Chadi suna nan, ban faɗa ba. Ragowar yadin kuwa Baba ya wanke ya mayar cikin adaka. Kwanan baya ya biyo ta shagona, ya tsaya a ƙofa ya tare hasken duka, ya tambaye ni ko kamu bakwai zai rufe mutum daga kai zuwa ina. Na ce masa ban sani ba.